Tsanin Tseren Motoci da Jikin Yaro: Ina Amfanin Gaggawa?

A ranar 15 ga watan Maris na shekarar 2015, a birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya, wani yaro mai suna Max Verstappen ya shiga motar tsere ta Formula 1, wadda gudunta ke wuce kilomita 300 a sa'a guda, ya jera da manyan direbobin duniya. Shekarunsa 17 ne da kwana 166. A wannan rana doka ba ta yarje masa ya tuƙa motar gida shi kaɗai a titin garinsu ba, domin bai kai munzalin da ake ba mutum cikakken lasin tuƙi ba.

Watakila mai karatu ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin kimiyyar halittu da tseren motoci, wanda sana'a ce ta injiniyoyi da attajirai? Amsar ita ce, inji da tayoyi na injiniya ne, amma abin da ke zaune a bayan sitiyari tsoka ce da ƙashi da jijiya da ƙwaƙwalwa, kuma waɗannan suna da lokacin nunarsu wanda kuɗi ba ya iya matso da shi kusa. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, daidai ne a fara koya wa yaro wannan sana'a tun yana ƙarami, amma kuskure ne a riƙa tsallakar da shi matakai, kuma hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, watau FIA, ta yi sake a shekarar 2024 lokacin da ta sassauta dokarta ta shekaru. Zan kawo dalilaina, zan kuma kawo hujjojin da ke gāba da ni, don suna da ƙarfi.

Bari mu fara da tsanin kansa, saboda da yawa daga cikin ɗalibanmu suna ganin tseren a talabijin ba tare da sanin hanyar da direba ya biyo ba. Matakin farko shi ne wata 'yar ƙaramar mota da ake kira kat. Ba ta da rufi, ba ta da ƙofa, ba ta da sifirin da zai sha girgiza. Bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa, aka ɗora kujera da ƙaramin inji da tayoyi huɗu, mazaunin direba kuwa 'yan santimita kaɗan ne tsakaninsa da kwalta. Wani makaniki Ba'amurke mai suna Art Ingels ne ya harhaɗa ta farko a jihar Kalifoniya cikin 1956, da injin yankan ciyawa. A ƙasar Birtaniya akwai ajin gasa na 'yan shekara 8 zuwa 12, inda gudun kat ke kai kimanin kilomita 80 a sa'a. Daga nan yaro yakan hau azuzuwan da suka fi ƙarfi, har ya kai ga masu giya shida. In ya cika shekara 15 sai ya sami damar shiga motar tsere ta sosai, watau Formula 4, wadda FIA ta kafa a 2014, mai inji da ƙarfinsa ya fara daga na doki 160. Bayanta akwai Formula Regional, sa'an nan Formula 3 mai ƙarfin doki 380, sa'an nan Formula 2 mai ƙarfin doki 620. A can ƙoli ne Formula 1 take, inda ƙarfin inji ya kai kimanin na doki 1,000 a kakar 2025, kujerun direbobi kuwa 20 ne kacal a wannan kaka.

Labarin Lewis Hamilton shi ne misalin da ya fi dacewa na wanda ya taka kowane mataki. An haife shi a garin Stevenage na Ingila ranar 7 ga Janairu, 1985. Mahaifinsa Anthony, wanda asalin iyayensa mutanen tsibirin Grenada ne, ba attajiri ba ne, har ya kai ga haɗa ayyuka da yawa a lokaci guda don ya sayi taya da mai. Lewis ya fara gasar kat a 1993 yana ɗan shekara 8, ya zama zakaran ajin ƙananan yara na Birtaniya a 1995. A wannan shekara, wurin wani bikin ba da lambobin yabo, ya tunkari Ron Dennis, shugaban ƙungiyar McLaren, ya gaya masa cewa yana son wata rana ya tuƙa masa mota. Shekara uku bayan haka, cikin 1998, McLaren ta ɗauke shi cikin shirinta na renon matasan direbobi. Ya ci kambun Turai na kat a shekarar 2000. Daga nan ya yi kaka biyu a Formula Renault ta Birtaniya, ya zo na uku a 2002, ya zama zakara a 2003. Ya shiga Formula 3 ta Turai a 2004, ya ƙare a matsayi na biyar.

A nan ne wani abu ya faru wanda nake so mai karatu ya lura da shi. A ƙarshen 2004 Hamilton da mahaifinsa sun so ya wuce zuwa mataki na gaba. Martin Whitmarsh na McLaren ya ce a'a, ya sake shekara guda a Formula 3. Saɓanin ya yi tsanani har suka raba gari na ɗan lokaci, kafin su sasanta, yaron ya koma ajin da ya so ya baro. A kakar 2005 ya ci tsere 15 cikin 20. A 2006 ya lashe gasar GP2, wadda ita ce ta koma Formula 2 daga baya, a shekararsa ta farko. Da ya iso Formula 1 a 2007 yana ɗan shekara 22, ya ƙare cikin ukun farko a tserensa tara na farko a jere, ya ci tsere huɗu, maki ɗaya ne ya hana shi kambun duniya. A 2008 ya ci kambun, shi ma da ratar maki ɗaya. Duk malamin da ya taɓa gaya wa uban ɗalibi cewa ɗansa ya maimaita aji ya san irin kallon da aka yi wa Whitmarsh a wancan lokaci.

To, me ya sa ake fara wannan sana'a tun yaro bai iya ɗaure igiyar takalminsa da kyau ba? Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kimiyya kuwa ta goyi bayansu a wannan wuri. Ƙwaƙwalwa tana canza tsarinta gwargwadon aikin da ake sa ta. Duk hanyar jijiya da aka yawaita bi, mahaɗanta sukan ƙara ƙarfi, kuma wani sinadari mai maiƙo da ake kira mayalin yakan naɗe ta kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki, saƙo ya riƙa gudu da sauri a cikinta. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa a Jamus sun auna ƙwaƙwalwar masu kaɗa kayan kiɗan Turawa masu tsirkiya, dangin gogenmu. Sun tarar cewa yankin ƙwaƙwalwa da ke wakiltar yatsun hannun hagu, waɗanda ke danna tsirkiya, ya fi girma a wurinsu bisa ga na sauran mutane, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda suka fara tun suna ƙanana. Abin da ya sami makaɗi shi ke samun ɗan tsere. A ƙeyarmu akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda aikinta daidaita motsi ne da gyara kuskurensa. A can cikin kunne kuma akwai wasu lanƙwasassun bututu guda uku cike da ruwa, tare da wasu jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, waɗanda ke sanar da ƙwaƙwalwa duk wani juyi da duk wani ƙarin gudu ko raguwarsa. Idan tayoyin baya suka fara zamewa a kwana, direban ƙwarai yakan ji abin a kunnensa da kwankwasonsa, hannunsa ya gyara sitiyari kafin tunaninsa ya san abin da ya faru. Kat, da yake ba ta da sifirin, ba ta ɓoye wa jiki kome, shi ya sa ta zama makaranta mai kyau.

Mutane da yawa suna zaton sirrin ɗan tsere shi ne saurin mayar da martani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ga lissafi. Daga lokacin da haske ya faɗa a ido zuwa lokacin da hannu ya motsa, ana ɗaukar kimanin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa. Malamai za su iya gwada wannan a aji da rula mai tsawon santimita 30: ɗalibi ɗaya ya riƙe ta a tsaye, wani ya buɗe yatsu biyu a daidai sifili, a sake ta ba tare da sanarwa ba. Wanda ya cafke ta a kan santimita 20, martaninsa ya ɗauki kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ke nan. Motar da ke gudun kilomita 300 a sa'a tana cin mita 83 a kowace daƙiƙa, watau kafin direba ya motsa ƙafarsa ta riga ta shafe kusan mita 17. Horo yana iya rage wannan lokaci kaɗan, amma jijiya tana da iyaka. Saboda haka ne a gasar gudun mita 100 ake ɗaukar duk wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan harbin bindiga a matsayin wanda ya yi riga-malam-masallaci. Abin da ke fid da direba shi ne hangen abin da zai faru, wanda ke fitowa daga dubban kwanoni da ya taɓa shiga. Yaron da ya fara yana ɗan shekara 8 yakan isa shekara 16 da wannan taska a kansa.

Har zuwa nan ina tare da masu cewa a fara da wuri. Inda muka rabu shi ne zaton da suke yi cewa tun da hannun yaro ya ƙware, sauran jikinsa ma ya shirya.

Mu ɗauki wuya. Wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura ta sha kwana da gudu ya san yadda jiki ke neman ficewa ta gefe. Masana suna auna wannan ƙarfi da ninkin nauyin jiki. A wasu kwanoni na Formula 1, da kuma lokacin taka birki mai tsanani, yakan kai ninki biyar. Kan babban mutum yana da nauyin kimanin kilo 5, hular kwano ta ƙara kusan kilo ɗaya da rabi. In aka ninka kilo shida da rabi sau biyar, an haura kilo 30, watau fiye da jarkar ruwa mai lita 25 a rataye a gefen kai, ana ɗaga ta ana saukewa a kowace kwana har tsawon sa'a ɗaya da rabi, zuciya kuwa tana bugawa sau 160 ko fiye a minti. Bel yana riƙe ƙirji da kafaɗu, amma a cikin kwana tsokar wuya ce ke ɗaukar kai. Shi yaro, kansa ya fi girma bisa ga jikinsa in aka kwatanta da babba: kan jariri kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na babba kuwa kusan ɗaya cikin takwas. Tsokar da za ta ɗauki wannan kai ba ta yin kauri sosai sai balaga ta kankama. Ita kanta FIA ta yarda da wannan, tun da ta tanadi hular kwano marar nauyi ta musamman domin ƙananan 'yan tseren kat.

Haka nan ƙashi. Dogayen ƙasusuwan yaro suna tsawo ne ta wurin wani faifan guringuntsi da ke kusa da kowane ƙarshensu, kuma wannan faifai ya fi sauran ƙashin rauni. Bugun da zai sa babba ya yi targaɗe kawai yana iya tsaga faifan girma na yaro. A wurin 'ya'ya maza yawancin waɗannan faifai ba su gama rufewa sai wajen shekara 16 zuwa 18, ƙarshen ƙashin wuya na gaba da ke haɗe da ƙirji kuwa sai an haura shekara 20. Batun zafi ba zan daɗe a kansa ba. Ya isa a tuna cewa a tseren Katar na watan Oktoba 2023, Logan Sargeant ya ajiye motarsa saboda ya galabaita, Esteban Ocon kuma ya yi amai a cikin hularsa yana tsakiyar tuƙi, alhali dukansu ƙarfafan manya ne masu horo.

Babbar hujjata tana cikin ƙwaƙwalwa. Sassanta ba su nuna a lokaci guda. A 1999 Jay Giedd da abokan aikinsa a Amurka sun buga sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar yara da suka riƙa ɗauka a kai a kai suna girma, bincike da dama kuma ya biyo baya. Abin da aka fahimta shi ne, yankunan da ke kula da motsi da gani da ji suna kammala da wuri, amma ɓangaren goshi, wanda ke auna sakamako, ya tsara shiri, ya kuma ce wa mutum "dakata", shi ne na ƙarshe, gininsa yana ci gaba har bayan shekara 20. A gefe guda kuma, yankunan da ke jin daɗin nasara da yabo, waɗanda ke aiki da sinadarin dofamin, suna tashi da ƙarfi tun farkon balaga. Watau akwai wasu shekaru da totur ya riga birki ƙarfi. Ina jan hankalin ɗalibai kada su ɗauka akwai wata rana guda, kamar ranar cika shekara 25 da ake yawan faɗa, da ƙwaƙwalwa ke rufe gini. Abu ne mai tafiya sannu a hankali, kuma mutane sun bambanta ƙwarai.

Wani gwaji da Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple suka buga a 2005 ya shafi batunmu kai tsaye. Sun sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, inda fitilar hanya ke komawa ruwan ɗorawa, mai wasa ya zaɓi ko ya tsaya ko ya ci gaba don ƙarin maki, tare da haɗarin karo. Sun kasa su uku: 'yan shekara 13 zuwa 16, 'yan 18 zuwa 22, da masu 24 zuwa sama. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu kuwa da tsaransu biyu a gefe. Kasancewar abokai bai canza halin manya ba. Matsakaitan sun ƙara kasada. Su kuwa ƙananan, kasadarsu ta kusa ninkawa. Abin lura shi ne, yaron ya san haɗarin sarai, in ka tambaye shi a natse zai ba ka amsa irin ta babba. Idanun tsara ne ke sauya ma'aunin. To, in idanu huɗu sun yi wannan aiki a ɗakin gwaji, ina ga filin da ke cike da 'yan kallo, da uban da ya jinginar da gidansa, da wakilin babbar ƙungiya riƙe da takarda da alƙalami?

Yanzu sai mu koma ga Verstappen, wanda shi ne hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kaina. An haife shi ranar 30 ga Satumba, 1997. Mahaifinsa Jos tsohon direban Formula 1 ne, mahaifiyarsa Sophie Kumpen gwanar tseren kat ce. Ya fara tuƙa kat yana ɗan shekara 4, ya ci kambun duniya na ajin masu giya a 2013, ya yi kaka guda tak a Formula 3 ta Turai cikin 2014, inda ya ci tsere 10, daga nan sai ƙoli. A watan Mayu 2016 ya ci tseren Sifen yana da shekara 18 da kwana 228. Ya zama zakaran duniya sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024. Mai gardama zai ce, ina ɓangaren goshin naka ya shiga?

Ba na musun baiwarsa. Amma a duba shekarunsa na farko. A Monako cikin 2015 ya daki bayan motar Romain Grosjean ya faɗa shinge da ƙarfi. A 2016 yadda yake sauya layi lokacin taka birki ya sa manyan direbobi suka koka, har aka fito da wata ƙa'ida da 'yan jarida suka laƙaba wa sunansa. A farkon kakar 2018 kusan kowane tsere sai ya shiga wata rigima, har ya yi karo da abokin aikinsa Daniel Ricciardo a Baku. Gudu yana da shi tun ranar farko, abin da ya zo daga baya shi ne sanin lokacin da ya kamata a haƙura. Kambunsa na farko ya zo yana da shekara 24, Hamilton kuwa, wanda ya bi doguwar hanya, ya ci nasa yana da 23. Daga 1950 zuwa 2025 babu wanda ya zama zakaran duniya bai cika shekara 23 ba. Mafi ƙarancin shekaru shi ne Sebastian Vettel a 2010. Na san ingancin mota yana da babban rabo a wannan lissafi, saboda haka ba zan kafa shi a matsayin hujjar kimiyya ba. Na kawo shi ne don a ga cewa tsallaken matakai bai kai Verstappen ga kambu da wuri fiye da wanda ya taka su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai ma waɗanda suka makara suka kuma isa: Damon Hill bai shiga Formula 1 ba sai yana da shekara 31, ya zama zakara a 1996 yana da 36.

Ita kanta FIA ta tsorata da batun Verstappen. Daga 2016 ta shar'anta cewa mai neman babban lasin Formula 1 sai ya cika shekara 18, ya mallaki lasin tuƙi na kan titi, ya yi kaka biyu a ƙananan azuzuwa, ya kuma tara maki 40 daga sakamakonsa a can. Doka ce mai hankali. Amma a watan Yuni 2024, lokacin da ake ta maganar wani yaro ɗan Italiya mai suna Andrea Kimi Antonelli, wanda Mercedes ke reno kuma ta tsallakar da shi Formula 3, sai hukumar ta cire sharaɗin lasin titi, ta kuma ba kanta ikon ba ɗan shekara 17 lasin in ta ga ya nuna ƙwarewa da natsuwa na musamman. Antonelli dai bai shiga gasar ba sai a 2025 yana da 18, a kujerar da Hamilton ya bari, ya kuma zo na uku a tseren Kanada. Amma a atisayensa na farko a gaban jama'a, a Monza cikin Agusta 2024, bai yi minti goma sha biyar ba ya faɗa shinge, a gaban 'yan ƙasarsa. A watan Yuni 2025 aka yi amfani da sabon ikon, aka ba Arvid Lindblad lasin yana ɗan shekara 17, bisa roƙon Red Bull. Tambayata ita ce, da wane ma'auni ake auna natsuwa? Ƙwarewa agogo ke nuna ta. Natsuwa kuwa ba ta da agogo, masu ba da shaida a kanta su ne masu bukatar yaron ya shiga motarsu. Shekara 18 ba lamba ce mai tsarki a kimiyya ba, amma amfaninta shi ne ba a cinikinta.

Duk da haka, damuwata ta fi yawa a matakan ƙasa, inda kyamara ba ta cika zuwa ba. A watan Afrilu 2017, a filin Donington na Ingila, Billy Monger, ɗan shekara 17, ya daki wata mota da ta tsaya a kan hanya a gasar Formula 4, aka yanke masa ƙafafu biyu. A 2018 Sophia Flörsch, ita ma 'yar shekara 17, motarta ta tashi sama a Macau, ta sami karaya a ƙashin baya. A ranar 1 ga Yuli, 2023, Dilano van 't Hoff ya rasu a filin Spa na Beljiyam yana da shekara 18, a tseren da aka ci gaba da shi cikin ruwan sama, a filin da Anthoine Hubert ya rasu a 2019. Adalci ya wajabta in ce ba ƙuruciya ce ta jawo waɗannan haɗura ba. Monger bai ga motar ba sai da ya iso kanta, babban direba ma da ya dake ta. Abin da nake nufi daban ne. Babban mutum yana da 'yancin ya sa ransa a kasada da saninsa. Ɗan shekara 15 kuwa, wanda muka ga yadda ma'auninsa ke karkata a gaban jama'a, ba zai taɓa ɗaga hannu ya ce ruwan ya yi yawa ba. Nauyin cewa "a dakata" yana wuyan manya ne gaba ɗaya, kuma a ganina ƙa'idar tsayar da tseren yara saboda ruwa ko rashin gani ya kamata ta fi ta manya tsanani nesa ba kusa ba. An sami ci gaba, ba shakka: sandar kariya da ke kewaye kan direba, wadda ta shigo Formula 1 a 2018, ta sauko har Formula 4. Monger ma ya koma tsere da motar da aka gyara masa, ya ci gasar Pau ta Faransa a 2019.

Me ke kawo gaggawar? Kuɗi. Kaka guda a Formula 2 tana cin kimanin yuro miliyan biyu ko fiye, kuma yawanci direba ne ko masu ɗaukar nauyinsa ke biya. Kowace shekarar da aka maimaita asara ce ga aljihun wani. Hamilton da kansa ya koka a 2021 cewa wasan ya koma na 'ya'yan hamshaƙan attajirai. Akwai kuma wani kuskuren tunani da nake yawan gargaɗin ɗalibaina a kansa, watau yanke hukunci daga waɗanda suka tsira kaɗai. Kifi yakan zuba dubban ƙwai, wanda ya duba manyan kifayen da ke kogi kawai zai zaci kowane ƙwai yana rayuwa. Muna ganin Verstappen guda, ba mu ganin ɗaruruwan yaran da aka cire daga makaranta, aka tura su mataki na gaba ba su nuna ba, aka sallame su suna da shekara 19 babu kambu babu takardar shaida.

A ƙasarmu ba mu da wannan tsani, amma ƙwaƙwalwar da Gardner da Steinberg suka gwada ita ce a kan ɗan sakandaren da ke ɗaga tayar gaba ta babur a ayarin ɗaukar amarya, abokai suna tafi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 1.19 a shekara a haɗuran hanya, ya kuma nuna cewa su ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Yaron da ke cikin kat a Ingila yana da hular kwano da rigar kariyar haƙarƙari da motar asibiti a bakin fili. Namu yana da silifa. In malami ya gama gwajin rula da na ambata, ya sa ɗalibai su lissafa mita nawa babur mai gudun kilomita 80 a sa'a zai ci cikin lokacin da kowannensu ya ɗauka kafin ya cafke rular. Ga wanda ya cafke a kan santimita 20, amsar ta haura mita huɗu, kuma wannan kafin birki ya fara kamawa ne.